JIRGIN ƘASA DA SANYIN HUNTURU: KO MAI TAFIYAR NESA YA DOGARA DA SHI?

Jawabin wannan karo ya shafi wata tambaya ce wadda ɗaliban ƙasar nan, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan da aka tura ƙaro ilmi ƙasashen sanyi sukan yi, musamman idan watan Disamba ya kama, makarantu suka yi hutu, kowa ya ɗaura niyyar ziyartar ɗan'uwa ko aboki a wani gari mai nisa. Tambayar ita ce: shin mutum ya iya dogara da jirgin ƙasa ya kai shi tafiyar kwana biyu a tsakiyar hunturu, ko kuwa gara ya nemi wata hanya? Tambayar tana da nauyi, gama a kanta ne wani yakan rasa jirgin saman da zai komo da shi gida, wani ya makara ga jarrabawa, wani kuwa maganinsa ya ƙare masa a tsakiyar daji.

Da farko ya kamata a gane cewa hunturun da ake nufi a nan ba irin wanda aka saba da shi ba ne. Mutumin Jos ko Potiskum ko Kano ya san ɗari, ya san jaura mai tsaga leɓe da faso a diddige, ya kuma san safiyar da tsofaffi ba su barin bakin wuta sai rana ta ɗaga. Amma duk tsananin wannan, ba a wayi gari an tarar da ruwan randa ya zama dutse ba. A ƙasashen da ake magana a kansu, ruwa yakan daskare a kogi har mota ta bi ta kansa, ma'aunin sanyi yakan sauka digiri 30 ƙasa da sifiri ko fiye, dusar ƙanƙara kuma takan rufe hanya har ta kai tsayin ɗaki. Irin wannan sanyi ba mutum kaɗai yake wa lahani ba, har ƙarfe da roba da mai yakan taɓa.

Domin kada magana ta watse, za a ɗauki jirgi guda a bi shi daki-daki, watau jirgin fasinjan nan na Amurka da ake kira Empire Builder. Kamfanin Great Northern ne ya fara tafiyar da shi a 1929, yanzu kuwa yana hannun Amtrak, hukumar jiragen fasinja da Gwamnatin Amurka ta kafa, wadda ta fara aiki ran 1 ga Mayu, 1971. Jirgin yakan tashi daga birnin Shikago sau ɗaya kowace rana, ya bi ta jihohin Wisconsin da Minesota da Dakota ta Arewa da Montana da Idaho, daf da iyakar Kanada, har ya kai garin Spokane inda ake raba shi biyu, rabi ya nufi Siyatil, rabi ya nufi Portland, can wajen gaɓar yamma. Daga Shikago zuwa Siyatil kimanin kilomita 3,550 ne, watau ya ninka tsohon layin dogo na Legas zuwa Kano sau uku. Idan kome ya tafi daidai, tafiyar takan ci wajen sa'a 46. Yana da taragun zama, da na kwana, da na cin abinci. Cikin dukan jiragen nesa na wannan ƙasa, babu wanda ya fi shi daɗewa cikin yankin sanyi, shi ya sa ya dace da misali.

AMANA IRI BIYU

Idan aka ce abin hawa yana da amana, abu biyu ake nufi, mutane kuwa sukan haɗa su wuri ɗaya su ruɗe. Na farko shi ne ya kai mutum inda za shi lafiya. Na biyu shi ne ya kai shi a sa'ar da aka rubuta a tikiti. Jirgin ƙasa na nesa a lokacin hunturu yana riƙe amanar farko ƙwarai da gaske, ta biyu kuwa yakan saɓa ta sau da yawa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma da wuya a sami abin da wannan karin magana ya fi dacewa da shi kamar wannan jirgi a watan Janairu. Abin da ya kamata matafiyi ya fahimta shi ne, yawancin jinkirin da zai sa shi gunaguni, shi ne ainihin abin da yake tsare masa rai. Ga yadda abin yake.

A fara da dogon kansa. Kowane maƙeri ya san ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana kuma tsukewa da sanyi. Dogo mai tsawon kilomita ɗaya yakan rage da wajen milimita 11 duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri guda. Saboda haka tsakanin ranar bazara da daren hunturu, inda bambancin ya kai digiri 50, kilomita ɗaya zai so ya tsuke da fiye da rabin mita. A dā ana shimfiɗa dogo guntu-guntu a bar 'yar tazara tsakani, wadda ita ce take ba da ƙarar nan ta kacau-kacau da masu shiga tsohon jirgin Kano suka sani. Yanzu kuwa a manyan layuka walda ake yi wa dogon ya zama zare ɗaya, a ɗaure shi tam a kan gungumen da ke ƙarƙashinsa. To, tun da ba shi da halin tsukewa, sai ya yi ta jan kansa kamar igiyar guga mai ɗauke da kaya, ga shi kuma sanyi ya rage masa taushi. Duk inda yake da ɗan lahani, nan zai tsinke. Amma masu hikimar wannan aiki sun saka 'yar wutar lantarki tana bin cikin dogon kullum. Da zarar ya tsinke wutar ta yanke, sai fitilar hanya ta koma ja da kanta, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Direba ya tsaya, ko ya yi ta rarrafe, har ma'aikata su zo cikin wannan sanyi su gyara. Wani lokaci sai sun shimfiɗa igiya jiƙaƙƙa da mai a gefen dogon sun kunna mata wuta, ƙarfen ya ji zafi ya miƙe, kana bakunan biyu su haɗu a ɗaure su. Fasinjan da ke zaune cikin ɗumi yana duban agogo bai ga wannan ba, abin da ya sani kawai an yi sa'a biyu ba a motsa ba.

Sai wurin da layi yake rabuwa biyu, inda wani siririn ƙarfe yake matsawa ya karkatar da jirgi dama ko hagu. Ƙanƙara kaɗan ta isa ta cushe wannan wuri ya ƙi motsi. Don haka ake kafa masa abin ɗumamawa, na lantarki ko na gas. A ƙarshen Janairun 2019, da sanyi ya kai kusan digiri 31 ƙasa da sifiri a Shikago, hotunan harsunan wuta suna ci a gefen dogo sun bazu ko'ina a duniya, har waɗansu suka zaci gobara ce, alhali kuwa murhun gas ne na hana mahaɗar dogo daskarewa.

Birkin jirgi da iska yake aiki, iskar kuwa tana bin mesa daga inji har tarago na ƙarshe. A kowace mahaɗa tsakanin tarago da tarago akwai zoben roba. Sanyi yakan sandarar da robar, iska ta riƙa tsiyaya, birki ya ƙi sakin ƙafafu. Wannan ya fi damun jiragen kaya, waɗanda tsawonsu yakan kai kilomita biyu ko uku, amma nan gaba kaɗan za a ga yadda ciwon jirgin kaya yake zama ciwon jirgin fasinja. Shi kansa injin yana da nasa rauni. Man dizal yakan yi kauri da sanyi kamar yadda man gyaɗa yake daskarewa a kwalba. Dusar ƙanƙara mai laushi kamar gari takan shiga ta kafofin shan iska, ta narke a kan na'urorin lantarkin da ke juya ƙafafu, ta kashe su. Babban abin kula a nan shi ne, wutar da ke ɗumama taragu, da haskaka su, da tafiyar da kicin da bayan gida, duk daga injin take fitowa. Muddin injin yana numfashi, jirgin da ya tsaya gida ne mai ɗumi. In ya mutu, cikin 'yan sa'o'i taragu za su zama kamar firji. Ga kuma bututun ruwa da ke ƙarƙashin taragu, waɗanda sukan daskare su fashe, sai a ga tarago lafiyayye an cire shi daga aiki don bayan gidansa ya toshe.

HANYAR WANI, JIRGIN WANI

Duk waɗannan aikin yanayi ne. Akwai kuma abin da tsarin mutane ya jawo, wanda sau da yawa ya fi sanyin kansa jawo jinkiri. Mafi yawan layukan da jiragen nesa na Amtrak suke bi ba nata ba ne, na kamfanonin jigilar kaya ne. Kusan dukan hanyar Empire Builder daga Minesota zuwa yamma mallakar kamfanin BNSF ce, ma'aikatansa ne kuma suke ba da hannu, su ce wannan ya wuce, wancan ya dakata. Tun 1973 dokar Amurka ta ce a ba jirgin fasinja hanya kafin na kaya, amma abin da ke takarda daban, abin da ke daji daban. Wurare da yawa layi ɗaya ne tak, sai 'yan ratse jefi-jefi inda jirgi zai koma gefe wani ya wuce. Idan birkin jirgin kaya ya maƙale a gaba, ba doka ba, ko sarki ne a baya sai ya jira. Jirgin ƙasa ba mota ba ne da zai kauce ya bi ta gefen hanya.

Akwai kuma dokar da ta hana direba da kwandasta yin aiki fiye da sa'a 12 a jere. Doka ce mai kyau, gama direban da barci ya ɗauka ya fi ƙanƙara haɗari. Amma in jinkiri ya cinye sa'o'insu tun ba su kai tashar canji ba, dole jirgi ya tsaya a inda yake, a kawo waɗansu a mota. To, ranar da guguwar ƙanƙara ta rufe titi fa? Ta haka jinkirin sa'a uku yake haihuwar na sa'a takwas. Bugu da ƙari, taragun da suka isa Siyatil da safe su ne ake sharewa a juya su da yamma su koma gabas, saboda haka makarar yau takan zama makarar gobe ga mutanen da ba su ma san an yi guguwa ba.

An ga ƙarshen wannan hali a hunturun 2013 zuwa 2014. A lokacin ana tsakiyar haƙar man fetur a yammacin Dakota ta Arewa, jiragen tanka sun cika layi, ga amfanin gona mai yawa yana jiran a kwashe, sai kuma sanyi mai tsanani ya sauka a kai. Empire Builder ya zama abin tausayi, makarar sa'o'i da yawa ta zama ruwan dare, har ya kai a watan Afrilun 2014 aka sake jadawalinsa aka ƙara masa lokaci. A wannan hunturun ne kuma, ran 6 ga Janairu, jiragen Amtrak uku masu nufin Shikago suka kafe a jihar Illinois saboda tarin ƙanƙarar da iska ta tara a kan dogo, fasinja fiye da 500 suka kwana a ciki, washegari aka kwashe yawancinsu a motocin safa.

DUWATSU

Mafi haɗarin hanyar shi ne inda take ƙetare duwatsu. A Montana jirgin yakan hau mashigin Marias, mai tudun mita 1,589 bisa teku, watau sama da tudun garin Jos, sa'an nan a jihar Washinton ya sake ƙetare duwatsun Cascade. A irin waɗannan wurare ƙanƙara takan taru a gangaren dutse mako da makonni, rana ɗaya ta goce gaba ɗaya, ta kwaso itatuwa da duwatsu ta share duk abin da ke gabanta.

A ƙarshen Fabrairun 1910, jirage biyu na kamfanin Great Northern, ɗaya na fasinja ɗaya na wasiƙu, sun kafe a wata 'yar tasha mai suna Wellington a cikin duwatsun Cascade. Kwana shida suna nan ana fama da buɗe hanya. Da tsakar daren 1 ga Maris aka yi ruwa da tsawa, ƙanƙarar da ke saman dutsen ta goce, ta ture jiragen biyu cikin kwari. Mutum 96 suka rasu. Abin ya girgiza ƙasar har aka sake wa garin suna. Bayan haka kamfanin ya ƙara gina dogayen rumfuna, har da na siminti, a kan dogo domin ƙanƙara ta bi ta samansu ta wuce, daga bisani kuma ya huda dutsen kansa ya yi rami mai tsawon kilomita 12 da rabi, wanda aka buɗe a Janairun 1929, shi ne kuma Empire Builder yake bi har yau. A wajen Marias ma akwai irin waɗannan rumfuna, akwai kuma masana da aikinsu ke nan duk hunturu, su auna ƙanƙarar gangare, in sun ga alamar za ta goce su sa a tsai da jirage. Wanda aka tsayar kwana guda a Montana don wannan dalili, in ya san labarin Wellington, ba zai yi dogon ƙorafi ba.

Labari na biyu ya faru a kudu da nan, a duwatsun Sierra Nevada na Kalifoniya. Ran 13 ga Janairu, 1952, wani ƙasaitaccen jirgi mai suna City of San Francisco ya kafe cikin ƙanƙara da mutum 226 a ciki, fasinja da ma'aikata. Kwana uku suka yi. A zamanin da tururi ake ɗumama taragu, ruwan tukunyar ya ƙare, ɗumi ya ɗauke, mutane suka yi ta naɗe ƙafafunsu da labule da zannuwan tebur. Ƙananan janaretocin da aka kunna kuma hayaƙinsu ya sumar da waɗansu. Duk waɗanda ke cikin jirgin sun tsira, amma mutum biyu daga cikin masu aikin ceto sun rasa rayukansu.

A kwatanta wannan da abin da ya faru shekara 67 bayan haka. Da yammacin Lahadi, 24 ga Fabrairu, 2019, jirgin Amtrak mai suna Coast Starlight, wanda ya taso daga Siyatil za shi Los Angeles da fasinja 183, ya yi karo da itacen da nauyin ƙanƙara ya kayar a kan dogo kusa da garin Oakridge a jihar Oregon. Ba wanda ya ji rauni, amma jirgin bai motsa ba sai safiyar Talata, wajen sa'a 36, sa'ad da wani inji ya zo ya ja shi baya zuwa garin Eugene. Mutane da yawa sun yi mamakin abin da ya hana a sauke fasinja alhali ga gari a kusa. Dalili kuwa shi ne garin kansa ba wuta, titunansa a rufe, jirgin kuwa injinsa yana aiki, akwai ɗumi da haske da abin da za a taɓa. An sha wuya, abinci ya yi ƙaranci, masu jarirai suka rasa abin ƙunzugu, an kuma zargi hukumar da rashin sanar da mutane halin da ake ciki, zargin kuwa yana da tushe. Amma shawarar barin mutane a cikin jirgi daidai ce, ko da yake ba ta yi wa kowa daɗi ba a lokacin.

A 'yan shekarun nan hukumar ta fi karkata ga soke tafiya tun kafin guguwa ta iso. Ta yi haka ran 30 ga Janairu, 2019, inda ta dakatar da jiragen da ke shiga da fita Shikago, ta kuma soke Empire Builder na kwanaki gab da Kirsimetin 2022. Mutanen ƙananan garuruwan arewacin Montana da Dakota ta Arewa sukan ji zafin wannan, da hujjarsu kuwa, gama da yawansu ba su da wani abin hawa na haya sai wannan jirgi, da shi suke zuwa manyan asibitoci da makarantu, kuma a ranar da titi ya rufe ne suka fi bukatarsa. Sukan ce kakanninsu sun ga jirgi yana keta ƙanƙara ba fashi. Gaskiya ne, amma kakannin nan su ne kuma suka ga Wellington. Inda ƙorafinsu ya fi ƙarfi shi ne idan aka soke tafiya don ƙarancin taragu da injuna na ko-ta-kwana, sa'an nan aka jingina laifin ga yanayi. Sauran hanyoyin ma ba tsira suka yi ba. A wannan guguwa ta Disamban 2022, kamfanin jiragen sama guda ɗaya, Southwest, ya soke tashi fiye da 16,000, a birnin Buffalo kuwa an sami waɗanda suka mutu cikin motocinsu a kan titi.

A WAƊANSU ƘASASHE

Kada a zaci ƙarfin sanyi shi kaɗai yake yanke hukunci. Jirgin da ke tashi daga Mosko zuwa Vladivostok yana cin kusan kilomita 9,300 ta tsakiyar Saiberiya, cikin sanyin da ya fi na Dakota, duk da haka an san jiragen fasinjan wannan layi da kiyaye lokaci. Layin biyu ne, na lantarki, hukumar da ke da dogo ita ce uwar kamfanin da ke da jirgin, kowane tarago kuma yana da tukunyar ɗumamawa ta kansa, a manyan tashoshi kuwa akan ga ma'aikata suna farfasa ƙanƙarar da ta manne a ƙarƙashin taragu. A Japan, layin jirgi mai gudun tsiya na Joetsu, wanda aka buɗe a 1982 a yankin da ƙanƙara take zuba ƙwarai, an jera masa famfunan fesa ruwan ɗumi masu narkar da ita tun ba ta taru ba. Waɗannan ƙasashe sun san baƙonsu yana zuwa kowace shekara, sun kuma kashe kuɗi sun yi masa shimfiɗa.

Inda ba a saba ba kuwa, sanyi kaɗan yakan kunyata manya. A daren 18 ga Disamba, 2009, jiragen Eurostar biyar da suka nufi Landan suka mutu cikin ramin nan mai kilomita 50 da ya bi ta ƙarƙashin teku tsakanin Faransa da Ingila, da fasinja fiye da 2,000. Dusar ƙanƙara mai laushi ce ta shiga injuna a arewacin Faransa, da suka shiga ɗumin ramin sai ta narke ta lalata lantarki. Kwana uku ba a yi jigila ba.

Wanda ya fi kama da abin da aka sani a ƙasar nan shi ne na arewacin Indiya, inda 'yan Nijeriya da dama suke zuwa neman magani da karatu. Can ba ƙanƙara, hazo ne mai kauri yakan sauka a Disamba da Janairu, direba ya kasa hango fitilar hanya, dole ya rage gudu, jiragen Delhi su yi ta makara, waɗansu ma akan soke su tun kafin lokacin ya zo. Hazonsu na raɓa da hayaƙi ne, na nan kuwa ƙura ce da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, kuma jirgin sama ya fi damu. Ga layin dogo na Nijeriya, damina ce babbar abokiyar gaba, sa'ad da ruwa yake cinye ƙasar da ke ƙarƙashin dogo.

GA MAI NIYYAR TAFIYA

Wanda zai shiga jirgi irin Empire Builder tsakanin Disamba da Maris, babbar shawarar da za a ba shi ita ce kada ya ɗaura wani muhimmin al'amari a ranar isarsa. In jirgin sama zai kama zuwa gida, ko jarrabawa zai zauna, ko likita zai gani, ya bar kwana guda cur tsakani, ko da kuɗin masauki zai ci. Jirgin da ya taso daga yamma da la'asar yake isa Shikago, masu zuwa gabas kuwa da yamma ko da dare suke tashi, tazarar 'yan sa'o'i ce kawai, ita ce kuwa hunturu yake fara cinyewa. In lalle sai ya canja jirgi, ya sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, gama ta haka ne hukumar take ɗaukar nauyin sama masa wata hanya ko masauki in ya rasa jirgi na biyu. Wanda ya sayi tikiti biyu daban-daban don neman sauƙi, ranar makara shi kaɗai zai ji da kansa.

Magani, musamman na ciwon sukari da hawan jini da asma, ya kasance cikin jakar hannu, na kwana biyu ko uku fiye da lissafin tafiya, ba cikin akwatin da aka kai taragon kaya ba. Haka nan fasfo da sauran takardu. Ya riƙe ruwan sha da ɗan guzuri mai daɗewa, irin su dabino da gyaɗa da biskit, mai jariri kuma ya ninka abin da yake zato zai bukata. Ko da taragon yana da ɗumi, babbar rigar sanyi da hula da safar hannu su zauna kusa da shi. In jirgi ya tsaya a daji, kada ya kuskura ya sauka don ya hango fitilun gari, sai ma'aikata sun ce a sauka, gama tazarar da ido yake gani kusa ce, a cikin irin wannan sanyi takan fi ƙarfin ƙafa.

Akwai kuma batun tashar da za a hau. Jirgin yana ratsa waɗansu garuruwa ne da tsakar dare, kamar Fargo a Dakota ta Arewa, inda na gabas da na yamma duk kafin asuba suke tsayawa, waɗansu ƙananan tashoshi kuwa ba su da ma'aikaci ko ɗaya, sai ɗan ɗakin jira, wani wurin ma dandamali ne kawai. Saboda haka kafin mutum ya bar gida ya duba a wayarsa ko ya buga wa hukumar ya ji inda jirgin yake, kuma ya roƙi wanda ya kawo shi a mota kada ya juya sai ya ga ya shiga tarago an rufe ƙofa.